Jagora ga sabon malamin jami'a a Maraɗi: daga shirin darasi zuwa dosiyen CAMES

Takardar dokta shaida ce cewa mutum ya iya bincike. Ba ta faɗi komai a kan ko zai iya tsayawa gaban ɗalibai ɗari uku a anfi, wato babban ɗakin lacca, ƙarfe uku na rana cikin zafin Afrilu, ya sa su gane abin da ya kawo su. Amma da ita ake ɗaukar malamin jami'a aiki, kuma da wuya a sami wanda zai zaunar da shi ya koya masa koyarwa. Malamin firamare sai ya bi ta makarantar horon malamai. Na jami'a kuwa jadawali ake miƙa masa, a ce Allah ya ba da sa'a.

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi yarinya ce in aka gwada ta da ta Yamai. A 2010 aka kafa ta, tare da ta Damagaram da ta Tawa. Tana da tsangayar kimiyya da fasaha, da ta noma da muhalli, da ta lafiya, ga kuma IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'a. A jami'a mai ƙarancin shekaru irin wannan, sabon malami kan ɗauki kaya tun shekararsa ta farko, ba ya samun dogon lokaci yana kallon manya. Don shi na rubuta wannan jagorar, kuma ko da ina cewa "kai", malama ma da ita nake. Ma'auni ɗaya ne zai yi ta dawowa: abin da ɗalibi ya iya yi bayan ya fito daga hannunka, ba yawan shafukan da ka karanta masa ba.

Mataki na farko: fara shiri daga ƙarshen zango

Kafin ka buɗe littafi ko ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta abu biyar ko shida da kake son ɗalibi ya iya yi ranar jarrabawa. Ka guji kalmomin "ya sani" da "ya fahimta", don babu yadda za ka auna su. "Ɗalibi ya san takin zamani" magana ce mai daɗi amma fanko. "In aka ba ɗalibi girman gona da adadin sinadarin azot (naitrojin) da ake so, ya lissafa buhun takin ure nawa za a saya" wannan kana iya tambaya, kana iya ba shi maki. Daga waɗannan jimloli za ka fitar da babukan darasinka. Duk babin da bai yi wa ko ɗayansu hidima ba, ajiye shi gefe, ko da kuwa a kansa ka yi doktanka. Nan ne sababbi suka fi shan wuya: mutum ya yi shekara huɗu a kan abu guda, sai ya so ya juye shi kan ƴan shekarar farko.

Sannan ka fahimci lissafin tsarin LMD (lisans, masta, dokta) da muke ciki. Lisans shekara 3 ce da kiredi 180, masta shekara 2 da kiredi 120, kowane zango kiredi 30. Kiredi ɗaya kimanin awa 20 zuwa 25 ne na aikin ɗalibi, kuma a cikin awoyin nan har da wanda zai yi shi kaɗai a ɗaki. Wato in darasinka na kiredi 3 ne, kana da hakki a kan awa 60 zuwa 75 na lokacinsa, wasu a CM (laccar anfi), wasu a TD (zaman atisaye) da TP (gwaji da hannu a labo), saura aikin kansa. Malamai da yawa sun san awoyin anfi kawai. Ba su taɓa tsara abin da ɗalibi zai yi da sauran ba, shi ya sa yake zama hannu rabbana har mako ɗaya kafin jarrabawa, sannan ya kwana hadda.

Je ka sami malamin da ya koyar da darasin da ke gaban naka, da wanda zai karɓi ɗaliban bayanka. Minti ashirin da kowannensu zai hana ka maimaita abin da aka riga aka yi, ko ka yi gini kan abin da ba a taɓa koya musu ba.

Abu na ƙarshe a wannan matakin, mu da muke nan mun san shekarar karatu ba kullum take tafiya yadda aka zana ta ba. Yajin aiki yakan shigo, na malamai ko na ɗalibai, ga azumi, ga ranakun da za a ce ana buƙatar anfi don taro. Saboda haka tun farko ka raba babukanka biyu: waɗanda in babu su darasin bai yiwu ba, da waɗanda za a iya barin ɗalibi ya karanta. Na farkon su ne a gaba. Ranar da shugaban sashe ya ce maka saura mako biyu, ka riga ka san me za ka yanke. Duk wannan ka taƙaita shi a shafi ɗaya, da yadda za a raba maki, ka ba ɗalibai ranar farko.

Mataki na biyu: san waɗanda ke zaune gabanka

A anfi ɗaya akwai ɗan lise mai zaman kansa na cikin gari wanda ya taɓa kwamfuta tun yana ƙarami, akwai wanda ya zo daga wani ƙauyen Dakwaro ko Mayahi wanda bai taɓa ganin madubin duba ƙwayoyin cuta ba sai a zane. Duka suna riƙe da bak, takardar kammala sakandare. Ranar farko ka ba su tambaya biyar ta minti goma, ba suna, ba maki, a kan abin da kake zaton sun zo da shi. Ka karanta hamsin daga ciki da dare. Abin da za ka gani yakan sa mutum ya sake mako biyun farko gaba ɗaya, kuma gara ka gani yanzu da ka gani a takardun jarrabawa.

Sai maganar harshe. Da Faransanci ake koyarwa, da shi ake rubuta jarrabawa, amma yawancin waɗanda ke gabanka da Hausa suke tunani, da ita suke gardama a kan darasinka bayan ka fita. Sau da yawa ɗalibin da kake ganin bai gane kimiyya ba, jimlar ce ta kā da shi. Tun 1964 Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi rubutu yana kare koyarwa cikin harsunan Afirka, kuma a 2025 kundin tsarin ƙasa ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A cikin aji ga yadda nake ganin ya fi: ka kawo ma'anar da Faransanci, ka buga misalin da Hausa in ka ga fuskoki sun daskare, sannan lallai ka koma ka faɗe shi da Faransanci ka rubuta a allo, don da shi za a tambaye su. Kada ka manta akwai Bazabarme daga Doso da Babarbare daga Difa waɗanda Hausarsu ta kasuwa ce. In ka yi barkwanci da Hausa anfi ya fashe da dariya, duba ka ga wa bai yi ba.

Mataki na uku: awa biyu a anfi

Abin da muka gada shi ne shifta. Malam ya zauna, ya buɗe tsohon kayensa, yana karantawa ana rubutawa: "aya, sabon layi". Awa biyu ta ƙare, hannaye sun gaji, ba wanda ya yi tunanin minti ɗaya. Da can akwai uzuri, babu littattafai. Yau kusan kowane aji na da zauren WhatsApp. Rubuta darasinka, mai da shi PDF mara nauyi don kada ya cinye musu kuɗin intanet, ba delege, wato wakilin aji, ya sa a zaure, ka bar kofi ɗaya a wurin masu fotokofi don wanda ba shi da babbar waya. Daga nan awa biyun nan ta zama taka, ta bayani da gwaji.

Ga yadda zama ɗaya zai iya tafiya, mu ɗauki darasin taki a tsangayar noma. Minti biyar na farko, littattafai a rufe, ka tambaye su abu uku daga makon jiya. Tunowa da ka ya fi sake karantawa kafa abu a ƙwaƙwalwa, kuma masu zuwa a makare za su lura cewa suna asarar wani abu. Sai ka rubuta tambayar ranar a saman allo, ta zauna nan har a tashi. Ka yi bayani na minti goma sha biyar ko ashirin: lambobin da ke jikin buhu, me 15-15-15 ke nufi, me ya sa ure ke da 46, wato kashi 46 cikin ɗari na azot. Sannan ka dakata ka jefa musu wannan:

"Manomi a Tsibiri yana son kilo 30 na azot a hekta ɗaya. Ure zai saya. Kilo nawa? Na ɗaya, 14. Na biyu, 30. Na uku, 65."

Kowa ya yi shi kaɗai, minti ɗaya. Sai a ɗaga hannu. Za ka ga da yawa sun tafi 14, don sun ninka 30 da 0,46 maimakon su raba. Kada ka faɗi amsa. Ka ce: "Kowa ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta, ya shawo kansa. Minti biyu." Anfi zai ɗauki hayaniya, ka ƙyale shi, ka sauka ka bi layi kana saurare. A nan za ka ji wani yana cewa abokinsa: "Kai, buhu guda mai kilo 50 ma azot 23 ne kawai a ciki, ta yaya kilo 14 zai ba ka 30?" Wannan bayanin ya fi naka shiga. A sake ɗaga hannu, yawanci sun koma 65. Sai ka rufe da minti uku a allo.

Wani malamin fizik a Jami'ar Harvard, Eric Mazur, shi ya yaɗa wannan dabarar tun farkon shekarun 1990, kuma an ƙirƙire ta ne don manyan azuzuwa, saboda haka yawan ɗalibai ba hujja ba ne. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 a darussan kimiyya, lissafi da injiniyanci: inda malami ke magana shi kaɗai, kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji kuwa kusan kashi 22. Ba kayan aiki ake buƙata ba, alli ne da haƙurin jure surutu.

Kowane fanni yana da irin wannan tambayar a bakin ƙofa. Ɗan IUT mai karatun gini: kankare mai kilo 350 na siminti a mita kubik buhu nawa ne, kuma me zai faru da rufin kankare na bene in magini ya rage biyu daga bakwai ɗin? Ɗan lantarki: faifan sola nawa zai riƙe firjin mai sayar da ƙanƙara? Ɗalibar lafiya: ga nauyin yaro, ga maganin zazzaɓi na ruwa, cokali nawa?

Ƙananan abubuwa da ke gyara zama ko su ɓata shi. In ka yi tambaya, ka ƙirga biyar a zuci kafin ka kira wani. Binciken Mary Budd Rowe ya nuna malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kawai, kuma in jiran ya kai uku amsoshi kan ƙaru, su kuma yi tsawo. In na gaba ya yi tambaya, maimaita ta da ƙarfi don na baya. Kafin zango ya fara, je ka zauna a layin ƙarshe ka ga wane girman rubutu ake gani. Kada ka ce "kun gane?", don amsar kullum "e" ce. Ka sa ido a kan ɓangaren mata: in ba ka ba su fili da gangan ba, samari uku na layin gaba za su cinye duk tambayoyin zangon. Majigi kuwa bawa ne mai kyau, amma kowane darasi ka shirya shi yadda in an ɗauke wuta za ka ɗauki alli ka ci gaba ba tare da ka ce uffan ba.

In kai ne ke zuwa daga Yamai ka ba da darasin zango guda cikin mako ɗaya, ko aka matse ka haka, ka sani awa shida ta magana a yini zubar da ruwa ne a rairayi. Safe bayani, yamma atisaye, kuma ka tura rubutun tun kafin ka hau mota.

Mataki na huɗu: TD, TP da fita fili

TD ba ƙaramin CM ba ne. In kai ne ke warware atisaye a allo suna kwafa, an yi asarar zaman. Ba su takardar tun kwana uku, su zauna hurhuɗu, kai kana zagayawa. Wanda zai fito allo ya zama wanda ya yi kuskuren da rabin aji suka yi, kuma ka gode masa a gaban kowa.

TP kuwa kada ka shiga sai ka yi gwajin da hannunka, da kayan da ke labo ɗin, ba waɗanda ka saba da su a Faransa ko Maroko ba. Ma'aikacin labo ya fi ka sanin wane sikeli ne ke ƙarya da wane sinadari ne ya kwana biyu. Ka gaishe shi da sunansa, ka tambaye shi, ka sa sunansa a godiya.

Inda kayan labo suka gaza, Maraɗi ta ba ka wani abu. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana da reshe a nan Tarna. Buhun PICS mai ruɓi uku da ake adana wake a ciki ba tare da magani ba, an yi gwaje-gwajensa a nan, kuma darasi ne sukutum a kan numfashin ƙwari: a ɗaure buhu, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu. Sassaben zamani, wato barin kututture ya tofo a gona, daga gonakin jihar nan ya bazu tun shekarun 1980 har duniya ta san shi. Ga Gulbin Maraɗi ga mai koyar da zaizayar ƙasa, ga tafkin Madarumfa, ga jar akuya. Amma kada a fita yawon buɗe ido. Kowane rukuni ya tafi da tambaya ɗaya da abin awo, ya dawo da shafi biyu.

Mataki na biyar: jarrabawa da maki

A nan ake sanin malami, kuma a nan sunansa ke gyaruwa ko ya lalace.

Koma kan jimlolin nan biyar na matakin farko, kowace tambaya ta fito daga ɗayansu. Ka haɗa mai sauƙi da matsakaiciya da guda mai wuya ta tantance gwanaye. Zauna ka amsa jarrabawar da kanka da agogo: in ta ɗauke ka minti 40, ɗalibi na buƙatar awa biyu. Ba wani abokin aiki ya karanta, don jimlar da ke sarai a kanka tana iya ɗaukar ma'ana biyu. Malamin da ke alfahari cewa a darasinsa ba mai samun 10 bisa 20, ya sani sakamakon nan nasa ne kafin ya zama na ɗalibai.

Barem kafin gyara, a rubuce: maki nawa ga hanya, nawa ga amsa, me za a cire in an manta ma'auni. Ɗauki takardu goma ka gwada shi, ka daidaita, sannan ka fara na gaske. Yi gyara tambaya-tambaya: ta farko a duk takardun, sannan ta biyu. Ya fi sauri, kuma ya fi adalci, don kyakkyawan rubutun hannu a shafin farko ba zai ja ka har ƙarshe ba. In ana rufe suna, bar shi a rufe. In ba a yi, naɗe kan takardar da kanka.

Yi lissafin lokacinka tun kafin ranar. Takarda 300, minti 6 kowace, awa 30 ke nan. Ba a yin ta dare biyu sai an zalunci wani. Raba ta kwana shida, ka sa a kalanda kamar darasi. Makin da ya makara yana tsayar da zaman tantance sakamako, shi kuma ya tsayar da zagaye na biyu na jarrabawa, ya taɓa rajistar masta da maganar bursu. Ɗalibin da ke jiran ka wata uku wataƙila haya yake biya a gari ba ya komai, alhali ana nemansa a gona.

Bayan an liƙa maki, sa rana ɗaya kowa ya zo ya ga takardarsa, barem a manne a ƙofa. In ka yi kuskuren tarawa, gyara nan take, ba tare da ɓata rai ba. Kuma ka ajiye kofin makin a wuri biyu.

Mataki na shida: halinka

Shiga kan lokaci, fita kan lokaci, don wani na jiran anfin. In ba za ka zo ba, delege ya sani tun dare: akwai mai biyan kabu-kabu daga ƙarshen gari da kuɗin da zai ci abincin rana. In aka yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce za ka duba, kuma mako mai zuwa ka fara da ita. Ɗalibai na gane kame-kame tun daga jimlar farko. Kada ka ci mutuncin kowa a bainar jama'a. Wanda ka kira jaki gaban mutum ɗari uku ba zai sake ɗaga hannu ba, haka ma duk waɗanda suka ji.

Maraɗi gari ne da kowa ya san kowa. Ba za ka yi shekara ba sai wayarka ta yi ƙara bayan isha'i, wani dattijo abokin mahaifinka, bayan doguwar gaisuwa:

"Dokta, yaron nan na wajen Alhaji yana hannunka. An ce rabin maki ya rage masa. Ka duba mana, ai ɗanka ne."

Ba a yi wa babba tsawa, ba a kuma yi masa ƙarya. Abin da na ga yana aiki shi ne:

"Baba, na ji, kuma in ɗana ne ai ni ya fi kamata in so ya iya. Maki ya riga ya fita hannuna, kuma da ma'auni ɗaya na auna su duka. Amma ku turo mini shi ofis gobe, mu zauna in nuna masa inda ya faɗi, ya shirya wa zagaye na biyu."

Ka ba shi abin da za ka iya ba kowane ɗalibi, ka hana shi abin da ba za ka iya ba kowa ba. Zai ji haushi mako ɗaya. In kuwa ka ƙara rabin makin nan sau ɗaya, kafin Juma'a labari ya kai kasuwa, kuma ba ka da bakin hana na biyu.

Kada ka sayar da rubutun darasinka, balle ka rubuta sunayen waɗanda suka saya. Kyauta daga ɗalibin da makinsa ke hannunka, ko buhun aya ce daga ƙauye, mayar da ita cikin fara'a. Game da ɗalibai mata, magana ɗaya ce: ganawa a ofis, cikin lokacin aiki, ƙofa a buɗe. Ba saƙon dare, ba "zo ki same ni gida". Ko da niyyar aure ce, muddin makinta na hannunka ba ta da ƴancin ce maka a'a, kai ma ka sani. In wata ta kawo maka kukan wani malami, kada ka ce ta yi haƙuri. Saurare ta, ka rufa mata asiri, ka raka maganar inda hukumar jami'a ta tanada.

Manyan malamai ka ba su girmansu, ka nemi izini ka zauna a darasin wanda ɗalibai ke yabo. Ka kuma roƙi wani ya zauna a naka ya faɗa maka gaskiya. A tsakiyar zango ka raba ƙananan takardu, ba suna: me ke taimaka maka a darasin nan, me ke hana ka? Wasu amsoshin za su yi zafi. Zaɓi biyu da za ka iya gyarawa, ka faɗa wa aji ka gyara.

Mataki na bakwai: duba memuwar, wato kundin binciken ɗalibi

Kada ka karɓi ɗalibai fiye da waɗanda za ka iya karanta aikinsu. Taken da za ka ba ɗan masta ya zama wanda zai ƙare cikin watannin da yake da su, da kuɗin aljihunsa. In aikin gona ne, ka tuna damina ɗaya ce a shekara: wanda bai shirya fili da iri kafin Yuni ba ya yi asarar shekara. Ku sa ranar ganawa duk mako biyu, ya zo da rubutu ko shafi ɗaya ne. Gyaran farko ka duba tsari da hujja, ka bar waƙafi da aya sai ƙarshe.

Yanzu ChatGPT na rubuta babi guda cikin minti ɗaya, da Faransanci mai santsi, wani lokaci har da sunayen littattafan da babu su a duniya. Hanyar ganewa ba ta da wuya: rufe takardar ka ce ya bayyana maka sakin layi na biyu da Hausa, sannan ya buɗe maka maƙala uku daga waɗanda ya ambata. Ka faɗa masa tun farko inda aka yarda ya yi amfani da shi da inda ba a yarda ba. Ka koya masa Zotero, manhajar tsara sunayen littattafai da maƙaloli, tun watan farko. In aikinsa ya zama maƙala, sunansa ya fito, a gaba in shi ya yi aikin. Ranar sutanas kuwa, wato ranar kare aiki gaban kwamiti, ba ranar da za ka gano kurakuran ɗalibinka ba ce a gaban iyayensa.

Mataki na takwas: bincike da dosiye

Ƙarin girma ta CAMES yake bi, hukumar ƙasashen Afirka mai kula da ilimi mai zurfi, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Daga asistan zuwa metir-asistan, zuwa metir-da-konferans, zuwa cikakken farfesa, kowane hawa sai kwamitin fanninka ya duba dosiyenka, galibi a zaman watan Yuli. Masu likitanci, shari'a da tattalin arziki suna da gasar ƙarin girma da ake kira agiregasiyo. Sharuɗɗan sun bambanta daga kwamiti zuwa kwamiti kuma ana sabunta su, saboda haka ka nemi kundin da ke aiki yanzu tun shekararka ta farko, kada ka dogara da abin da wani ya ce an nema a zamaninsa.

Koyarwa za ta cinye duk lokacin da ka bar mata. Ware safiya biyu a mako, kashe waya, ka ɓace daga ofis. Hutun damina ba ya isa rubuta maƙala in ba a tara komai cikin shekara ba. Zaɓi layin bincike ɗaya ko biyu da za a san ka da su, waɗanda filinsu ke kusa, ka jawo ƴan masta a ciki yadda aikin wannan zai ɗora kan na wancan. Tambayi mai kula da laburare yadda ake shiga Research4Life, inda cibiyoyin ƙasashe irin namu ke karanta dubban mujallu kyauta, AGORA ga noma, Hinari ga lafiya. Mujallar da ta aiko maka wasiƙa tana yabonka, ta yi alkawarin bugawa cikin mako ɗaya in ka biya dala, guje ta: kuɗinka ya tafi, kuma kwamiti na iya ƙin ƙirga maƙalar.

Sannan ka sayi babban fayil tun yau. Takardar ɗaukar aiki, jadawalin kowane zango, shaidar awoyin da ka koyar da sa hannun shugaban tsangaya, takardar zaman kowace sutanas da ka jagoranta ko ka zauna a ciki, shaidar taron da ka gabatar da aiki, duk su shiga ranar da aka ba ka su. Ka ɗauki hoton kowace ka tura wa kanka ta imel. Shaidar awoyin bana ka neme ta bana, tun shugaban sashen da ya san ka yi su yana kan kujerarsa.